Karkataccen Sitiyarin Baba Direba

Duk unguwar an san Baba Direba da abu biyu: tsabtar mota da rashin yarda da mutane. Shekara talatin da shida ya yi yana tuƙa manyan wani kamfani, ya ajiye aiki bai taɓa fasa ko fitilar gefe ba, kuma in ka zauna da shi minti goma sai ya gaya maka haka sau biyu. Motarsa tsohuwa ce fara, wadda kamfanin ya bar masa ranar sallama. In wani ya taɓa ta, ko da matsar da ita aka yi daga rana zuwa inuwa, sai Baba ya fito ya zagaye ta, ya durƙusa gaban kowace taya, ya bi bakin wili da babban yatsa kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafa.

Wata uku da suka wuce likita ya ce yana da hawan jinin ido, wai gefen idonsa na dama ya fara rufewa. Rashin sa'ar da Baba ya yi, babbar 'yarsa ce ta kai shi, ita kuwa ma'aikaciyar jinya ce, ba a yi mata kwana-kwana da maganar likita. Tun daga ranar ta fara kewaye-kewaye a kan mukullin mota. Yau ta ce za ta samo masa direba, gobe ta ce ita ma tana da rana biyu a mako da ba ta aiki. Da abin ya ishe shi sai ya yanke magana.

"Uwata," ya ce mata, don haka yake kiranta, "ranar da na goga motar nan a jikin wani abu, ki zo da kanki ki karɓi mukulli. Kafin ranar, kada a sake yi mini wannan zancen."

Kuma gaskiya, in aka karɓe mukullin me ya rage masa? Yara sun watse, abokan aiki rabi sun riga mu gidan gaskiya. Aikin da ya rage masa a duniya shi ne Talata da Juma'a ya saka Hajiya, matarsa, a kujerar gaba ya kai ta asibiti gashin gwiwa, ya jira ta a inuwa, ya dawo da ita. A ranakun nan biyu yakan tashi da kuzari, ya goge gilashi, ya sa hularsa mai kyau.

Ran Litinin 'yar ta zo da kyauta. Ta ce tayoyinsa sun suɗe, ta saya masa sababbi huɗu, za ta kai motar a saka, a yi mata saitin ƙafa, wato a daidaita tsayuwar tayoyin. Baba ya yi godiya da baki, amma zuciyarsa ta ce da walakin. Mutumin da yake son raba ka da mota, me zai sa ya saya mata takalmi? Ya so ya bi ta, ta ce ya huta. Da la'asar ta dawo da motar, ya fito ya yi zagayensa a gaban kowa, ya durƙusa sau huɗu, ya bi kowane wili da yatsa, ya shafa zanen sababbin tayoyin, wani zane mai kama da ƙashin kifi. Bai samu ko ƙwarzane ba. Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya ce, "To, babu laifi," da muryar wanda ya so a ce akwai.

Ran Talata suka fita da Hajiya. Hanya ta cushe tun daga bakin titi, tafiya ake kamar ta hawainiya, ba a samu sararin sakin mota ba har asibiti. Wajen shan kwanar shiga ƙofa sai motar ta yi wani tsalle ta gefen Hajiya, ƙasanta ya ba da ƙara. Hajiya ta saki salati da ƙarfi, ta dafe ƙirji.

"Sannu, gwiwar ce?" in ji Baba. "Asibiti guda a ce rami a bakin ƙofarsa. Mutanen nan ba su da tsoron Allah."

Hajiya ta waiwaya tana leƙen baya ta gilashi. Ranar ta daɗe a ciki fiye da kullum, kuma da ta fito, takalmin motsa jiki ne a ƙafarta, wanda take zuwa da shi a jaka, maimakon silifas ɗin da ta fita da su. Baba ya tsokane ta, ya ce ko ƙwallo za ta fara bugawa da tsufa. Ta yi wani guntun murmushi ta rufe ƙofa.

A hanyar dawowa titi ya buɗe, a nan ne ya lura. Motar tana tafiya sak, amma sitiyarin ba a tsakiya yake ba. Alamar da ke tsakiyarsa ta kwanta hagu kaɗan, kamar hannun agogo a ƙarfe goma sha ɗaya. In ya miƙar da sitiyarin yadda Allah ya halicce shi, sai motar ta fara zarcewa dama. Wani direban ba zai ko kula ba. Baba kuwa ji ya yi kamar an ɗaura masa hula a baibai an tura shi cikin jama'a.

Ran Laraba da hantsi ya fita shi kaɗai zuwa dogon titin bayan ma'aikatu, wanda ba shi da tudu ba shi da gangare. Ya je, ya dawo, ya sake zuwa. Ya tsaya wurin mai faci aka auna iskar tayoyin huɗu, duka daidai. Ya sake gwadawa. Sitiyari dai yana nan a karkace. Ya faka a gefen titi, ya kashe mota, ya zauna yana harhaɗa zance a kan 'yarsa ɗaya bayan ɗaya, kuma ga mai neman zargi zance ba ya wuyar haɗuwa. Wa ya zaɓi garejin? Ita. Wa ya ce kada ya bi ta? Ita. Ai biri ya yi kama da mutum. A karkatar masa da sitiyari kaɗan, yadda zai riƙa jin mota tana ja, ya fara shakkar hannunsa da idonsa, ko kuwa wata rana ta kai shi jikin wani abu, shi ke nan alkawari ya cika, a zo a karɓi mukulli. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. 'Yar da ya koya wa tuƙi da hannunsa, yana zaune a gefenta wata biyu cur yana cewa saki kuloci a hankali.

Da ya koma gida sai aka ƙara masa wata. Hajiya tana ninke kaya a falo, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, ran Juma'a ba sai mun je ba. Gwiwar ta yi sauƙi."

"Ta yi sauƙi? Jiya da daddafe bango kika shiga ɗaki."

"Na dai ji sauƙi. A huta mako biyu a gani."

Ya tsaya yana kallonta. Shekara arba'in da ɗaya suna tare, ya san yadda take kafe ido a kan abin da ke hannunta in tana ɓoye magana. Wato har da ita. An karkatar da sitiyari ta can, ta nan kuma an janye masa fasinja. Ya shige ɗaki, abincin rana ma cokali biyu ya yi ya ture.

Ran Alhamis da safe ya nufi garejin, sunan wurin yana jikin ledar da aka sako tsofaffin bawul na tayoyin a ciki. Rumfa ce doguwa ta kwano, da rami a tsakiya wanda mota ke hawa kansa, ga tayoyi jibge har sama, ga ƙamshin sabuwar roba da baƙin mai. Mai wurin, wanda kowa ke kira Mai Saiti, mutum ne gajere kakkaura mai furfura a gemu, da tabarau ɗaure da zare a wuya. Yana ganin motar ya gane ta.

"A'a, motar 'yar'uwa ma'aikaciyar asibiti. Baba, kai ne mai ita? Ai ta gaya mini, ta ce in yi aikin da kyau don mai motar ya fi ni sanin mota."

Daɗin baki, in ji Baba a ransa. A fili ya ce, "Ita ce ta ce ka bar mini sitiyari a karkace, ko kuwa aikin naka ne haka?"

Fara'ar Mai Saiti ta ragu. "Karkace? Baba, ni kafin in taɓa ƙasan mota sai na miƙar da sitiyari na danne shi da ƙarfe a jikin kujera, ba ya motsi har in gama. Wanda bai yi haka ba shi ne yake ba mutane mota tana tafiya daidai sitiyari yana kallon gefe. Na san ana yi, amma ba a rumfar nan ba."

"Kowane mai gareji haka yake cewa."

"Shi ya sa nake ɗaukar hoto." Ya zaro waya daga aljihun rigar aiki, ya goge yatsa a cinya, ya latsa, ya miƙa. "Mutane sun koya mini hankali. Ga ta nan ran Litinin, bayan na zagaya da ita na dawo. Ga tayoyi a miƙe, ga sitiyari."

Baba ya karkata kai ya kawo wayar saitin idonsa na hagu. Sitiyarinsa ne, da carbinsa rataye a madubi, alamar tana tsaye cak a tsakiya. Ya mayar da wayar.

"Hoto ai kafin a juya ƙusa ma ana ɗauka."

Mai Saiti ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "To Baba, gani ya kori ji. Hau da ita kan rami."

Suka sauka ramin tare, Baba yana dafa bango. Mai Saiti ya haska fitila ta ɓangaren hagu, ya girgiza wannan, ya ƙwanƙwasa wancan, ya wuce. Da ya zo tayar gaba ta dama sai ya tsaya. Ya saka tabarau.

"Baba, matso. Ka ga sandar nan da ke tura taya in ka juya sitiyari? Tayarod. Dubi ta wancan gefen, a miƙe take. Dubi wannan."

Ta ɗan lanƙwashe, kaɗan ne, amma wanda ya san mota ba sai an nuna masa sau biyu ba. Suka fito daga ramin, Mai Saiti ya tsuguna ta waje ya nuna bakin wilin. An ci shi wajen tsawon yatsa, ƙarfen ya yi fari sabo, da guntun fenti ruwan ɗorawa maƙale a ciki. Gefen sabuwar tayar ma ya goge.

"Wannan ba rami ba ne," in ji Mai Saiti. "Rami ta ƙasa yake duka. Wannan ta gefe aka daka, kankaren gefen titi ne, irin mai fenti. Kuma bayan ta bar nan ne, don ni na ɗaura tayar nan da hannuna, da na gani. Wa ya tuƙa ta bayan ni?"

Tambayar ta faɗo wa Baba kamar ruwan sanyi a tsakiyar zafi. Wa ya tuƙa ta? Ai wadda ta ɗauko ta daga nan! Nan take zargin ya juya ya sake sabon kama. Ashe ba makirci ba ne, ɓarna ce aka yi aka rufe. Uwata ta daki kankare a hanyar gida, ta yi shiru, uwarta ta sani tana rufa mata asiri, shi ya sa ake ta sunkuyar da kai. Ita da take cewa idonsa ya mutu! Har wani daɗi ya ji yana taso masa. Ya dafa kafaɗar Mai Saiti ya ce ya yafe masa, ya zarge shi a banza.

"Ba komai Baba. A canza sandar yanzu?"

"A'a. Bar ta yadda take tukuna. Akwai wadda nake so ta gani da idonta, tunda nata idon lafiya lau ne."

Tun a bakin garejin ya buga wa 'yar waya, ya ce in ta tashi aiki ta biyo, akwai magana. Ya tuƙo gida a hankali yana tsara yadda zai yi. Ba zai yi faɗa ba. Zai kama hannunta ne ya kai ta gaban tayar, ya ɗora yatsanta a kan wurin, ya ce, Uwata, ni da ke wa ya kamata a karɓe wa mukulli?

Ya tarar da Hajiya zaune a baranda ta miƙe ƙafar mai ciwo a kan kujera. Haƙuri ya gagare shi, bai iya jira 'yar ta iso ba.

"To, asiri ya tonu. 'Yarki ta daki kankare da motata ran Litinin, har ƙarfe ya lanƙwashe, ku biyu kuka haɗa baki kuka yi gum. Fenti yana nan a jikin wili, ruwan ɗorawa. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne."

Hajiya ta ɗago ta dube shi. Ba haushi a fuskarta, kuma wannan ne ya fara ba shi tsoro.

"Malam, ran Litinin da ta kawo motar, wa ya durƙusa ya bi wilin nan da yatsa?"

Ya juya ya dubi motar.

"Muna tsaye muna kallonka. Sau huɗu ka durƙusa. Ka ce babu laifi. In da akwai, kai ne za ka rasa gani?"

Yatsansa ya tuna kafin kansa ya yarda. Bakin wilin sumul yake ran Litinin, har sanyin ƙarfen yana iya ji. Tun daga lokacin kuwa mukullin bai bar aljihunsa ba.

"Rami ne a ƙofar asibitin," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Na ji shi. Rami ne."

"Babu rami a ƙofar asibiti. Kankare ne, mai fenti baƙi da ruwan ɗorawa." Ta sauke ƙafarta da ƙyar, ta jawo jakarta ta asibiti daga ƙarƙashin kujera. "Kuma ba kankaren kaɗai ba ne. Akwai wata yarinya zaune a kansa da jariri a cinya, tana jiran wani. Ta gefena take. Ina kallonta, tana kallon motar, ta ɗauka za ka kauce. Da ta ga ba ka da niyya sai ta faɗa baya ta janye ƙafafu. Na yi salati, ka ce mini gwiwa ce."

Ta zuge jakar ta fito da silifa ɗaya, ta ajiye a kan tebur. Ƙaramin silifa ne na roba, shuɗi, ya sha jiki. Igiyarsa ta tsinke, ya baje, kuma a kansa, daga diddige zuwa tsakiya, ga zanen taya kwance da ƙura, mai kama da ƙashin kifi.

"Da ka tafi faka mota na lallaɓa na koma. Ba abin da ya same ta, sai gwiwar hannu da ta kurje, jaririn ma ko farkawa bai yi ba. Na ba ta haƙuri, na cire nawa na ba ta. Ta ce, Mama, tsohon ko juyowa bai yi ba. Na ce bai gan ki ba ne, 'yata. Ta ce ya za a yi bai gan ni ba, ga ni ga shi?"

Baba ya zauna a bakin dakalin barandar. Ya ɗauki silifan yana juya shi. Ya nemi yarinyar a cikin kansa, ya dawo da kwanar, da ƙofar, da maigadi mai ɗaga hannu ta hagu. Ta dama babu komai. Ba duhu ba, ba hazo ba, kawai babu komai, kamar duniya ta ƙare a daidai madubin tsakiya. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba a shekara talatin da shida a kan titi, sannan kunya ta biyo baya.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na san abin da ka yi alkawari. Na san kuma abin da motar nan take a wurinka. Na ce gara in haƙura da gashin, in ba ni ba ina za ka je da ita? Ita ma 'yarka ban gaya mata ba. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba, Malam."

Wato gwiwarta ta zaɓa ta bari ta lalace. Shi kuwa ya kwana biyu yana auna ta da 'yarsa da bawan Allah mai gareji, yana neman wanda ya cuce shi.

Ana haka aka ji tsayuwar mota a waje. 'Yar ta shigo da kayan aikinta a jiki, jaka a kafaɗa, ta yi sallama, ta dubi uwar, ta dubi uban da silifa a hannu.

"Baba, lafiya? Ka ce akwai magana."

Ya miƙe. Ya kama hannunta kamar yadda ya tsara, ya kai ta gaban tayar dama, ya durƙusa, ya ɗora yatsanta a kan wurin da ƙarfen ya ci. Ta shafa, ta ɗago tana dubansa, ba ta gane ba.

"Ni ne," ya ce. "Ran Talata."

Ya sa hannu a aljihu ya zaro mukullin. Ya ɗan daɗe yana kiciniyar cire na ƙofar gida daga zoben, kuma ba wanda ya yi gigin taya shi. Ya saka mata na motar a tafin hannu ya naɗe yatsunta a kai.

"Gobe da sassafe ki kai ta wurin mutumin nan ya canza sandar, ki ce ya danne sitiyarin da ƙarfensa. Ƙarfe tara uwarki take da gashi, kada ta makara."

"Baba..." Idonta ya kawo ruwa.

"Ki matso da kujerar gaba, ta yi miki nisa. Ni a baya zan zauna." Ya juya wajen Hajiya, har da kafaɗa, don tana ta damansa. "In mun isa ƙofar, ki nuna mini inda take zaune."